Makon Mata a Umdurman

Umdurman tana yammacin Nilu, tana kallon Khartum ta tsallaken ruwa. In ka haye tsohuwar gadar Farin Nilu ka shiga cikinta, sai dogayen benaye su ƙare, gidaje su koma ƙasa-ƙasa, 'yan keke masu ƙafa uku da suke kira raksha suna kutsawa tsakanin motocin haya, ƙubbar Mahadi tana ƙyalli daga nesa. Nan Halifa Abdullahi ya yi fadarsa bayan faɗuwar Khartum a 1885, nan gidan rediyon ƙasar yake, nan babbar kasuwar nan ta zinariya da turare da hauren giwa na da take, kuma mutanen garin suna ganin su ne asalin Sudan, Khartum wurin zuwa aiki ce kawai. A kan titin Arda, unguwar da filayen ƙwallon Hilal da Marrikh suke, kafin yaƙin 2023 akwai wata ƙofa da 'yan mata ke tururuwa tun da sassafe, wasu da laffaya, wasu da siket da mayafi, wasu da farar rigar ɗaliban asibiti a kafaɗa. Jami'ar Ahfad ta Mata ke nan.

Na je ne a farkon watan Maris, 'yan shekaru kafin yaƙin da ya ci garin, Umar al-Bashir yana kan mulki. 'Yar yayana tana karatun likita a can, kamar yara da yawa daga Kano da Jigawa da Sakkwato, kuma ita ce ta dage in daidaita zuwana da abin da suke kira Makon Mata. Ta ce, "Gwaggo, in kin zo wani lokaci gini kawai za ki gani." A wancan lokacin, kowace shekara, daidai da ranar mata ta duniya ta 8 ga Maris, jami'ar takan sassauta karatu, tsangayoyinta su shiga gasa da juna: likitanci, haɗa magunguna, harkokin lafiya, ilimin halayyar ɗan Adam da renon yara, gudanarwa, da raya karkara. Akan zaɓi batu guda da ya shafi mata, kowace tsangaya ta fito da shi ta wasan kwaikwayo da waƙar taro da rubutacciyar waƙa da zane, ga wasannin motsa jiki a gefe. Ɗalibai ne ke rubutawa, su shirya, su ɗinka kaya, su ja waya, su ɗauki lasifika a ka. Malamai alƙalanci kawai suke yi.

Wasan da ya tsaya mini a rai a kan kaciyar mata aka yi shi. Da yake babu namiji ɗalibi, wata doguwar yarinya ce ta fito a matsayin uba, da jallabiya da ƙaton rawani da gashin bakin da aka zana mata da kwalli, tana tafiya tana gyaran murya. Fitowarta kawai sai da ta sa wurin ya kaure da dariya da guɗa. Amma mai wasan ta gaskiya ita ce wadda ta fito a kaka, wadda suke kira habboba. Ta zauna a kan gadon igiya, ta miƙe ƙafa, tana jan carbi tana ba da umarni, kowa a gidan yana rawar jiki. Da Larabcin Sudan ake yi, 'yar yayana tana raɗa mini fassara. Tsohuwar ta ce jikarta ta kai, a kira ungozoma kafin a koma makaranta. Uwar yarinyar, wadda ta san abin da ta sha ranar aurenta da ranar haihuwarta, ta duba mijinta. Shi kuwa ya duba silin, ya ce wannan maganar mata ce. Nan dariya ta ɗauke. Wata a bayana ta yi tsaki mai ƙarfi.

Abin da ya burge ni shi ne ba su mai da tsohuwar muguwa ba. Sun bar ta ta faɗi tsoronta: wa zai auri yarinyar, me maƙwabta za su ce, da wane ido za ta dubi dangi. Son jikarta ne ke tura ta, kuma kowace yarinya a wurin tana da irin wannan kakar a gida. A ƙarshe ungozomar ce ta zo da akwatinta, ta aje shi a tsakar gida, ta ce ta yi rantsuwa ba za ta ƙara yanka 'yar kowa ba, ta zauna tana yi wa tsohuwar lissafin matan da ta karɓi haihuwarsu suka galabaita a hannunta. Ba a nuna tsohuwar ta sauko ba. An rufe labule tana jan carbinta, tana tunani. Binciken da aka yi a 2014 ya nuna kusan mata 87 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Sudan an yi musu kaciya, don haka waɗanda suka rubuta wasan da waɗanda suka kalla, yawancinsu labarin jikinsu ake bayarwa. Shi ya sa ba su yi garajen cin nasara a kan dandamali ba.

Wanda duk ya shiga Ahfad, ko ya so ko bai so ba, sai an ba shi labarin Babikir Badri. Hotonsa yana nan, tsoho da rawani da farin gemu. Yana saurayi ya bi Mahadi. Yana cikin rundunar Wad al-Nujumi da ta nufi Masar aka murƙushe ta a Toshka a 1889, ya yi zaman fursuna a can, ya dawo, ya ga ranar Karari a 1898 lokacin da bindigogin Kitchener suka kwantar da dubban Ansar, mabiya Mahadi, cikin 'yan sa'o'i. Mutumin da ya ga wannan da idonsa ya koma Rufa'a, wani gari a gaɓar gabas ta Shuɗin Nilu, ya buɗe makarantar yara maza. Daga baya ya nemi izinin buɗe ta mata. Turawan Ingila da ke mulki suka yi ta jan ƙafa, suna tsoron kada jama'a su tashi. Da suka yarda, sai daraktan ilimi James Currie ya gindaya masa sharaɗi: ya yi da sunansa, a gidansa, da kuɗinsa. A 1907 ya fara da yara 17, tara 'yan gidansa, takwas na maƙwabta, ana koya musu karatu da rubutu da lissafi da addini da ɗinki.

Ya fara da nasa ne don kada wani ya ce yana gwaji da 'ya'yan mutane. Wannan dabarar ta fi kowace hujja ƙarfi a garin da kowa ya san kowa. Ya rasu a 1954. Ɗansa Yusuf Badri ne ya buɗe kwalejin mata ta Ahfad a Umdurman a 1966 da ɗalibai 23, ta zama cikakkiyar jami'a a 1995, kuma lokacin da na je jikan Babikir, Gasim Badri, ne shugabanta, ɗalibai dubbai, daga kowane lungu na Sudan da ƙasashen maƙwabta. Rufa'ar nan kuma ita ce ta tayar da ƙayar baya a 1946, lokacin da Turawa suka yi dokar hana kaciya mai tsanani suka ɗaure wata mata saboda ita. Mahmud Muhammad Taha, ɗan garin, ya jagoranci jama'a suka je suka fito da matar, don ba su yarda baƙo ya shigo musu ɗaki da doka ba. Dokar ta zauna a takarda, al'adar ta ci gaba. Malaman Ahfad sun san wannan tarihin, kuma ina ganin shi ya sa suka zaɓi hanyar lallashi da zama da tsofaffi. Ƙungiyar nazarin harkokin mata da aka kafa da sunan Babikir Badri a 1979 ta shafe shekaru tana wannan aikin ƙauye-ƙauye.

A wata rumfa ɗalibai sun baje kayan iyayensu mata. Ga dutsen niƙa da ɗansa, ga kaskon da ake shimfiɗa ƙullun dawa mai tsami a yi kisra, ga tukunyar turaren jiki, ga gadon igiya na amarya da jar tabarma. Mutane suna wucewa suna ɗaukar hoto. Ni a gaban wani akwatin ƙarfe na tsaya, ɗan madaidaici, fentinsa ya kankare, an buɗe murfinsa: almakashi, ƙaramin kwano, zaren ɗaure cibiya, sabulu, burushin wanke farce, da 'yan kwalabe a jere. Akwatin ungozoma ne. Ɗalibar da ke tsaye a wurin ta ce mini a 1921 aka buɗe makarantar ungozomomi a Umdurman ƙarƙashin wata Baturiya, Mabel Wolff, kuma matan da aka fara ɗauka ba su iya karatu ba. Sai aka koya musu gane magani da hanci da harshe da taɓawa. Ta ɗauki kwalba ɗaya, ta rufe ido, ta sunsuna, ta nuna mini yadda ake yi. Waɗannan matan su suka koma garuruwansu da akwati a ka ko a bayan jaki, cikin dare, cikin damina, suna shiga gidajen da likita namiji ba zai taɓa leƙawa ba. Ɗalibar ta ambaci Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ta fito daga wannan makarantar ta zama mai horar da wasu. Ga alama ɗaliban likita sun ɗauke ta kakarsu a sana'a, duk da ba ta riƙe irin takardar da za su riƙe ba.

Farar laffaya ma tana da nata gurbin. A Sudan ita ce kayan mace mai aiki: malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, ma'aikaciyar ofis. Matan shekarun 1950 da suka fara fita aiki da ita suka fita, don kada a ce sun yar da mutunci, kuma ta zama alamar macen da ke cin guminta. Su ma kamar matanmu suna raɗa wa yadi suna, sai dai nasu sunayen suna bin abin da ke faruwa a gari. An yi yayin laffayar da ake kira Khartum da Dare, an yi na Alƙalamin Gidan Waya, an yi na Tauraron Rasha lokacin da aka harba shi sama. Mace tana cikin kulle, amma yadin da ta saya yana gaya maka tana jin labarin duniya.

A bangon babban zaure an jera hotuna da zane-zane. Sun fara tun daga sarauniyoyin Kush da ake kira Kandaka, musamman Amanirenas da ta yaƙi sojojin Rum kimanin shekara 24 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda mutanenta suka sare kan mutum-mutumin Sarki Augustus na tagulla suka binne shi ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta a Meroe don masu shiga su riƙa takawa. A 1910 aka tono shi, yau yana gidan tarihi a Landan. Ga Mihera 'yar Abbud, mawaƙiyar Shaigiyya da ta hau raƙumi tana zuga mazan ƙabilarta su tari rundunar Isma'il Basha a 1820. Ga Khalida Zahir da Zaruhi Sarkisiyan, likitoci mata na farko, da suka kammala a 1952, shekarar da aka kafa Ƙungiyar Matan Sudan. Ga Ihsan Fakhri, alƙaliya ta farko, 1965.

Inda 'yan mata suka fi cunkoso shi ne gaban hoton Fatima Ahmad Ibrahim, don ba a daɗe da rasuwarta ba. Ita ce ta shugabanci mujallar Sawt al-Mar'a da aka fara bugawa a 1955. Bayan juyin juya halin Oktoba na 1964 mata suka sami cikakken 'yancin zaɓe da tsayawa takara, a 1965 ta zama mace ta farko a majalisar dokokin Sudan, kuma gwagwarmayarsu ce ta kawo albashi daidai da na maza da hutun haihuwa da fansho ga mata ma'aikata. 'Yar jam'iyyar kwaminis ce, amma ba ta taɓa rabuwa da laffaya ba, kuma daga cikin addini take ɗauko hujjarta in za ta yi gardama da masu cewa mace ta zauna gida. A 1971 shugaban ƙasa Numeiri ya rataye mijinta, shugaban ƙwadago al-Shafi Ahmad al-Shaikh, ita kuma aka yi mata ɗaurin talala. Ta yi gudun hijira a zamanin Bashir, ta dawo, ta rasu a Landan a watan Agusta na 2017. Da aka kawo gawarta Umdurman, manyan jami'an gwamnati suka zo jana'iza, jama'a suka kore su. Wata ɗaliba da ta halarta ta ba ni labarin tana sassauta murya, tana duba hagu da dama, amma fuskarta cike da alfahari. Mu a Arewacin Nijeriya sai a 1976 aka ba mata damar jefa ƙuri'a, bayan Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan haka. Muna da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunan Amina da Nana Asma'u, amma da wuya ka sami makon da aka ware a jami'a don yaran da ke kwana a ciki su tashi su nuna wa juna su wane ne waɗannan matan.

Akwai hoto ɗaya da na tsaya a gabansa ƙirjina ya buga. Wata baƙar mace ce da laffaya, tana tsaye gaban makirufo irin na da. Aisha al-Fallatiya. Sunanta Aisha Musa Ahmad, a yankin Kasala aka haife ta, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar hajji suka zauna a hanya, kamar dubban mutanenmu. Mahaifinta malami ne, kuma bai so ta yi waƙa ba. Ta fara ne a gidajen biki, a 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, abin da ya sa wasu mawaƙa maza suka yi fushi suka ƙaurace. A lokacin yaƙin duniya na biyu ta je har fagen daga tana yi wa sojojin Sudan waƙa. Ta rasu a 1974. Duk macen da ta riƙe makirufo a Sudan bayan ta, ta ƙofar da ta buɗe ta shiga.

Ina tsaye a wurin ina magana da 'yar yayana, sai wata ɗaliba da ke gefe ta juyo ta ce, "Sannu, Inna, daga Nijeriya kuke?" Hausarta tsaf, sai dai da ɗan gishirin Larabci. Ta ce daga wajen Sinnar take, kusa da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka tsira daga Burmi bayan 1903. Ashe lokacin da Babikir Badri ke tara yaransa 17 a Rufa'a, mutanenmu suna can gaba a bakin wannan kogin suna kafa bukkoki. Ta ce ita ce ta farko a gidansu da ta zo jami'a, kuma a gida Hausa suke yi, amma a gari ba kowa take bari ya ji ba, don akwai masu kallon Bafallace, wato ɗan asalin ƙasashenmu, baƙo ko da kakan kakansa a nan aka binne shi. Kakanninta ne suka tsinci audugar Jazira tun da aka buɗe gonakin a 1925. Ta ce duk shekara in an kafa hoton nan takan zo ta tsaya, don shi ne wuri ɗaya a zauren da ake kiran sunan mutanenta da girmamawa. Na riƙe hannunta na daɗe ban saki ba. Na tuna da ita ƙwarai a 2022, da labari ya zo cewa an kashe ɗaruruwan mutane a rikicin jihar Shuɗin Nilu, Hausawa da yawa a ciki, a kan maganar ƙasa da sarauta.

Daga nan ne na fara lura da waɗanda babu su a bango. Yawancin fuskokin 'ya'yan manyan gidajen bakin Nilu ne, 'yan Umdurman da Khartum, waɗanda iyayensu suka iya kai su makaranta tun da wuri. Ahfad kanta jami'a ce mai zaman kanta, ana biyan kuɗi, da Turanci ake koyarwa, kuma zuri'a ɗaya ce ke riƙe da ita tun farko. Tana ba yara daga Darfur da tsaunukan Nuba da gabas da Sudan ta Kudu tallafi, na kuma gan su da yawa a dandamali, su ne ma suka fi tayar da wurin da rawarsu. Amma tarihin da ake karantawa har yanzu na tsakiyar ƙasa ne. Ɗaliban ba su ɓoye wannan ba. A wata muhawara wata yarinya daga yamma ta miƙe ta tambaya, cikin ladabi amma ba tare da rawar murya ba, yaushe za a kafa hoton matan sansanonin gudun hijira da ke fita neman itace suna sane da abin da ke jiransu a daji. An yi mata tafi, wata malama ta amsa, aka ci gaba da ja-in-ja har lokaci ya ƙure. A ƙasar da jami'an tsaro ke da kunne a kowane taro, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina shi ne ya raba makon nan da bukukuwan da ake yi don a raba lambar yabo a ci abinci a watse.

Da yamma na fita wajen ƙofa shan shayi. Masu shayi a Sudan mata ne, suna zaune a gindin bishiya ko jikin katanga, da kurfoti da gawayi, da 'yan kwalabe jere: citta, kirfa, kanumfari, na'ana'a, zoɓo. Wadda na zauna wurinta dattijuwa ce, ta turo mini kujera 'yar tsugunno da ƙafa, ta jefa turare a wuta, ta zuba mini gahawa mai citta daga ƙaramar butar ƙasa. Na tambaye ta ko tana shiga kallon wasan. Ta ce, "Ya ustaza, in na shiga wa zai tsare mini wuta?" Amma ta san duk tsangayar da ta ci bara, don a wurinta ake zuwa murna, a wurinta ake zuwa kuka. Da wannan kurfotin take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Abin da take tsoro shi ne samamen da suke kira kasha, a zo a kwashe kujeru da butoci a jefa a mota, sai ta biya tara kafin a mayar mata. Zamanin dokar da'ar jama'a ne, lokacin da sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991 ya ba da damar yi wa mace bulala 40 a kan sutura, kamar yadda aka gurfanar da 'yar jarida Lubna Husaini a 2009 don ta sa wando. Matan talakawa su suka fi shan wannan doka. Daga cikinsu ne Awadiya Mahmud Koko ta fito, mai shayi da ta haɗa 'yan uwanta suka kafa ƙungiyar taimakon juna a 1990, har Amurka ta ba ta lambar jaruman mata a 2016.

Abin da ke hana makon nan zama wasa kawai shi ne tafiyar karkara. A wancan lokacin kowace ɗalibar Ahfad, ko likita za ta zama ko akanta, dole ne kafin ta kammala ta shiga ayarin da ake turawa ƙauye su zauna tare da mutane, su kwana a inda aka sauke su, su ci abin da aka ba su. Suna auna yara, su yi magana da mata a kan tsabtar ruwa da awon ciki da auren wuri da kaciya, kuma irin wasan kwaikwayon da na kalla shi suke yi a dandalin ƙauyen, gaban kakanni na gaske. 'Yar yayana ta ce a ƙauyen da aka kai su wata tsohuwa ta tashi ana tsakiyar wasa ta zazzage su, ta ce 'yan birni marasa kunya, washegari kuma ita ce ta aiko musu da kwanon kisra da miyar kuɓewa, ta kira biyu daga cikinsu ɗaki ta yi musu tambayoyin da ba za ta yi a bainar jama'a ba. Yarinyar da ta tashi a gidan mai kuɗi a Khartum takan dawo daga wannan tafiyar ta san ƙasarta a karon farko.

A farkon Maris na 2019, ana tsakiyar zanga-zangar da ta kawar da Bashir, ɗaliban Ahfad suka fito cikin harabar jami'ar sanye da farar laffaya, ta iyayensu da kakanninsu, suka yi zaman dirshan. Hotunan suka bazu, mata a ko'ina suka ɗauka, kuma bayan wata guda duniya ta ga Ala Salah tsaye a kan mota da farar laffaya tana jagorantar taro a ƙofar hedikwatar soja, ana kiran matan zanga-zangar Kandaka. Awadiya da masu shayinta ne suka riƙa dafa wa masu zaman dirshan abinci. A Nuwamban wannan shekarar aka soke dokar da'ar jama'a. A 2020 aka sa kaciyar mata cikin laifuka, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara uku, shekara 74 bayan abin da ya faru a Rufa'a, kuma a wannan karon 'yan ƙasa ne suka nema.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Umdurman ta zama fagen daga, unguwa-unguwa. Yaranmu da ke karatu a can aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a sarari kafin a bar su su wuce, wasu kuma ta Port Sudan. An mamaye gidan rediyon da muryar Aisha take ajiye har zuwa Maris na 2024, an wawashe gidan tarihin ƙasa da ke Khartum, Rufa'a kanta ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023. Mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu, kuma abin da aka yi wa mata a Darfur da Jazira da Khartum ba ya faɗuwa a baki. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana maganar yaƙin nan kamar rigimar janar biyu kawai, alhali abin da mata suka gina tun 1907 ake rushewa. Ahfad ta koma koyarwa ta intanet, ɗalibanta sun warwatsu a Alƙahira da Kampala da Port Sudan da garuruwan da ba su taɓa zaton za su zauna ba. A unguwannin Umdurman da mutane suka rage, wuraren girkin jama'a da ake kira takaya, inda ake dafa wake da adas a raba wa kowa kyauta, yawanci mata ne ke tsaye a kansu.